An Ji, Za a Duba

Duk ma'aikatar da ta ga shekara ta doshi ƙarewa alhali akwai sauran kuɗi a asusun horar da ma'aikata, abin da ke fara faɗo mata a rai shi ne bita a kan ingantacciyar sadarwa a wurin aiki. Sai a kama zaure a otal, galibi a wani gari daban domin kuɗin kwana ya halatta, a raba jaka da biro da ɗan littafin rubutu, a ɗauko wani masani mai kwat da majigi. Abin da zai fara haskawa a bango kuwa ba ya canzawa: akwatuna biyar a jere, kibiya na fita daga wannan tana shiga wancan.

Zanen nan yana da asali. Claude Shannon ne ya fito da shi a 1948, wani masanin lissafi da ke aiki a Bell Labs, ɗakin binciken kamfanin tarho na Amurka, sannan a 1949 Warren Weaver ya ƙara masa sharhi suka buga littafi tare. Ga mai saƙo, ga na'urar turawa, ga hanyar da saƙon zai bi, ga na'urar karɓa, ga wanda aka aika dominsa. Can ƙasa kuma an maƙala hayaniya, wato duk wani ƙugi da ke shiga layi ya ɓata magana. Shannon da waya yake fama, ba da mutane ba, har ma ya bayyana cewa ma'anar saƙo ba ta shafi aikin injiniya ba. A nan dole a jinjina wa masu rubuta mana takardun sanarwa, don ba wanda ya kai su riƙon wannan sharaɗi. Shafi biyu cur, ga hatimi, ga lambar fayil, ga kwafi zuwa ga kowa da kowa, amma ka karanta daga sama har ƙasa ba za ka gane ba ko girma aka ƙara maka ko kuwa sallamarka aka yi.

Inda lissafin bawan Allah ya ƙi ci a wajenmu shi ne, ya ɗauka mai aika saƙo yana son saƙon ya isa yadda ya fito. Da ya taɓa zama a ofis ko na mako guda, da ya san cewa babba ba ya magana ƙarara sai dole ta kama. Magana mai harshen damo ita ce garkuwarsa. In abu ya yi kyau, ai shi ya ba da umarni. In ya ɓaci, yaushe ya ce haka?

Ɗauki wannan misali. Darakta ya fito daga ofishinsa, waya a kunne, ya yamutsa fuska ya ce, “Kai, janareton nan da ƙara yake.” Ya wuce abinsa. Mataimakinsa da ke biye da shi ya ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe,” ya koma ya kira shugaban sashe: “Yallaɓai ya nuna damuwa ƙwarai a kan janareto, a yi wani abu.” Shugaban sashe ya kira akawu: “Umarni daga sama, za a sauya janareto.” Akawu ya buɗe sabon fayil, ya ba da shawarar a kafa kwamiti mai mutum bakwai, da kuɗin zama. Kafin azahar masinja ya kai labari bakin get cewa za a yi gwanjon tsohon janareto, kuma shi ya san wanda zai saya. Kafin la'asar 'yan kwangila biyu sun zo gaisuwa, ɗaya har da goro. Shi kuwa Darakta, abin da yake so tun farko bai wuce a rufe masa taga ba.

A duk tsawon wannan sarƙa, tambaya ɗaya tak da ta kashe maganar: “Yallaɓai, me kake so a yi?” Amma wa zai yi ta? Tambayar nan fuska biyu gare ta, kuma kowace ba daɗi. Ko dai kai ne mai kan katako da ba ka gane magana, ko kuwa kana nufin oga bai iya bayani ba. Saboda haka kowa ya zaɓi ya cike giɓin da nasa hasashen, wanda a mafi yawan lokuta yakan zo daidai da abin da aljihunsa ke fata. Hayaniyar Shannon daga waje take shigowa layi. Tamu kuwa tana da tebur da kujera, tana kan matakin albashi na 12, kuma tana jiran fansho.

Masana da suka biyo baya sun lura zanen farko hanya ɗaya ya miƙe, shi ya sa Wilbur Schramm a 1954 ya nuna cewa sadarwa ba-ni-in-ba-ka ce: mai karɓa yana mayar da martani, daga nan mai aikawa ke sanin an fahimce shi ko ba a fahimta ba. Martani kam muna da shi, har ya yi yawa. Matsalar ita ce sai ka yi shekaru a aiki kafin ka iya karanta shi. “An gama, ranka ya daɗe” na nufin ba a fara ba. “Ana kai” na nufin ana neman fayil ɗin. “Yana kan teburin oga” na nufin kada ka sake tambayata. “Sai na neme ka” kuwa bankwana ce, ka yafe, ka kama wata sabgar. Sarkinsu duka shi ne “an ji, za a duba”, wanda a rubuce ake taƙaita shi da haruffa uku na jan biro a gefen takarda, KIV, wato a ajiye ido a kai. Ido kuwa aka ajiye. Akwai fayilolin da aka zuba wa ido tun zamanin mulkin soja, har gara ta gama karanta su ta sa hannu.

A fada, in ka faɗi gaisuwa, dogarai ne ke amsawa da “Sarki ya gaishe ka”, kuma wannan tsari ne mai tarihi da kowa ya san ƙa'idarsa. Abin dariyar shi ne ganin ɗan ƙaramin jami'i mai fanka ɗaya a ofis shi ma ya naɗa nasa dogaran. Ka kai takarda, sakatariya ta karɓa ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, “Oga ya gani.” Yaushe ya gani, Hajiya, takardar tana hannunki? Ita ce kuma mai hasashen yanayi. “Yau ba a shiga,” in ji ta da murya ƙasa-ƙasa, sai ka ga manya masu furfura sun juya da fayilolinsu a hammata. Mai bita zai so wannan, don yana da wata ƙididdiga da ba ya gajiya da ita: wai kashi 7 cikin ɗari ne kawai na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska. Alƙaluman sun fito ne daga gwajin Albert Mehrabian na 1967, wanda aka yi a kan yadda mutane ke gane so ko ƙi daga kalma guda da aka furta, ba a kan umarnin aiki ba. Amma ma'aikacin da ya shekara ashirin yana nazarin karkatar hular oga da yadda ya amsa sallama, shi a ganinsa ko kashi 7 ɗin ma an yi wa kalmomi alfarma.

Harold Lasswell, shi ma a 1948, ya ce a auna kowace sadarwa da tambayoyi biyar, tun daga wanda ya yi maganar har zuwa tasirin da ta yi. Mu mun rage wa kanmu wahala, ta farkon kaɗai muke amfani da ita: wa ya ce? In allon sanarwa ne, a jira tukuna. In direban oga ne, magana ta ƙare. Shi ne mutumin da ke jin rabin kowace waya daga kujerar baya, sauran rabin kuma ya ƙarasa da basirarsa, ya sauke kayan a teburin mai shayi da ƙarfe takwas na safe. Kada a raina wannan tasha ta rediyo mai jini. Wani Ba'amurke, Keith Davis, ya bi diddigin irinta a wani kamfanin kayan fata a 1953, ya tarar labari ba ya tafiya daga mutum ɗaya zuwa ɗaya a jere, 'yan tsiraru ne ke ɗauka su watsa wa jama'a. Da mu ya tambaya, da mun ba shi sunayensu da lambar motar da suke tuƙawa, ya huta da bincike.

Sai kuma zamani ya kawo zauren WhatsApp na ma'aikata, wanda aka rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa sanarwar aiki kawai. Tun da asuba wani ya turo furanni, wani ya turo maganin basir, wata ta tallata atamfa, an yi ta'aziyya mutum arba'in sun amsa, sanarwar taron ƙarfe tara kuwa tana can binne a tsakiya. Tun 2014 manhajar ta kawo shuɗin maki biyu mai tona asirin wanda ya karanta, sai manyanmu suka gano inda ake kashe shi kafin su gano inda ake ba da amsa. Shannon ya ƙiyasta cewa kusan rabin rubutun Ingilishi maimaici ne da za a iya cirewa a gane saƙo. Bai ji saƙon murya na shugaban sashenmu ba. Minti tara: sallama, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da zafi, tari, gaisawa da wani mai wucewa, sannan a daƙiƙa goma na ƙarshe, “To, maganar nan dai da muka yi, a yi ƙoƙari.” Wace magana? Ba mai tambaya. Kowa ya manna babban yatsa.

Taro ma haka. Oga ya yi awa biyu yana magana, ya ce akwai mai tambaya, zaure ya yi tsit. Ainihin taron sai an fito, a gindin bishiyar da ake ajiye motoci, inda kowa ke da ra'ayi, da hujja, da murya.

Wani sabon ɗauka da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba ya ɗauki darasin bita da gaske. A tsakiyar taro ya ɗaga hannu ya ce, “Yallaɓai, don Allah ban gane ba, wane ne zai yi aikin, kuma zuwa yaushe?” Wani ya yi tari. Wani ya shiga laluben biro a ƙarƙashin tebur. Darakta ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai kyau, za a duba. Ranar Alhamis yaron ya sami takardar tuhuma mai layi uku, babu kalma ɗaya mai harshen damo: ga laifinsa, ga wanda zai ba amsa, cikin awa 24. Masinja ya miƙa masa hannu da hannu, ya sa shi ya rattaba hannu a littafi, ya rubuta lokaci. Bai ma girgiza ba, don direban oga ya riga ya gaya masa tun ranar Talata, har da ƙarin cewa sito za a mayar da shi, ya fara neman takunkumi saboda ƙura.