Kawu, Hita da Tukunyar Mai Shayi

A watan Afrilu, lokacin da rana ke ƙwallewa a Yelwa har kifin da aka shanya a bakin kasuwa ke neman inuwa, dangi suka yanke cewa ni zan kai Kawu ɗaurin aure Wara. Ni kaɗai ke da mota, tsohuwa 'yar Kwatano amma mai esi, shi kuma Kawu, wakilin ango, ya rantse ba zai shiga jirgin ruwa da babbar rigar shadda mai sitati ba. Sadaki na aljihunsa, goro da alewa na but.

Mun ɗan wuce Birnin Yauri sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa. Nan na tuna wata dabara ta direbobi: a kashe esi, a kunna hita har ƙarshe. Hita ƙaramin lagireto ce a cikin mota, tana jan zafin inji ta huro shi kan fasinja. Dabarar ta yi aiki kuwa, allura ta ɗan sauko.

"Kai yaro, wuta ka kunna mana?"

"Kawu, inji nake ceto."

"To ni wa zai cece ni?"

Kafin mu kai wata mararraba mai rumfar bakanike, sitatin ya narke, rigar ta manne masa a baya, ya cire hula yana fifita da ita yana salati. Ina tsayawa mutane suka kewaye mu, kowa da maganinsa. Ɗan acaɓa ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto. Wata tsohuwa mai tallan soyayyen kifi ta dubi rigar Kawu ta ce wannan kambun baka ne. Wani saurayi ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, bakanike ya make masa hannu da sifana. Murfin nan shi ke matse ruwan har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka buɗe shi da zafi, ruwan ya yi tsiri ya sale maka fuska.

Da injin ya huce, sai aka ce a ƙara ruwa. Ga mu a ƙasar tafkin Kainji, wanda tun kammala dam a 1968 ya haɗiye tsibiran Gungawa da tsohuwar Busa, amma da kuɗina na sayi fiya wata leda-leda, yara na hudawa da haƙori suna tsiyayawa.

Bakaniken dattijo ne, ba ya son surutu. Ya leƙa ƙasa, babu yoyo. Ya taɓa fambel, daram. Ya zaro sandar awon baƙin mai, bai ga ya yi fari kamar an zuba madara ba, ya ce, "Alhaji, gode wa Allah, gasket ɗinka bai ƙone ba." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma mai lalatacciyar mota ba ya gyara wa bakanike magana. Ya sa na tayar, fanka ta juya. Can ya kama tiyon sama ya saki da sauri, ya kama na ƙasa ya riƙe abinsa.

"Na sama wuta, na ƙasa sanyi. Ruwa ba ya zagayawa. Tamostat ne."

Ya kwance noti biyu ya fito da wani ɗan ƙarfe mai sifirin, bai cika tafin hannu ba, an buga 82 a jikinsa. Maigadin ƙofa ne tsakanin inji da lagireto: akwai wani kaki irin na masana'anta a cikinsa, idan ruwa ya kai digiri 82 sai ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. Nawa maigadin ya kulle ƙofa ya yi barci.

"A jefar da shi," in ji bakanike. "Na ƙasar sanyi ne. A haɗa fanka dairet, shi ke nan."

Jama'a suka ce haka ne. Ni na ƙi, domin injin da aka cire wa tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton da sanyi, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba na wasa da fetur. Ya dube ni kallon wanda ya yi boko ya lalace, ya tura yaronsa a babur ya samo na Beljiyam a wurin mai kayan gyara.

Da aka kawo, Kawu ya ce shi bai yarda ba, su biyun iri ɗaya ne, yaudara ce. Yaron bakanike bai ce uffan ba. Ya ɗaura wa kowanne waya, ya nufi teburin mai shayi, ya zura su cikin tukunyar ruwan zafi tun mai ita bai juyo ba.

"La'ilaha illallahu! Ruwan shayin mutane!"

Amma shi ma sai ya leƙa. Muka haɗa kawuna a kan tukunya, har da tsohuwa da tirenta. Na Beljiyam ya fara motsi a hankali, ya buɗe baki. Tsohon ko gezau. Aka yi kabbara. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce dama tun a Birnin Yauri shi ya san tamostat ne.

Aka saka shi da sabuwar roba, ɗan ramin fitar iska yana kallon sama, aka cika ruwa, aka bar injin yana aiki murfi a buɗe har kumfa ta daina fitowa. Na biya kuɗin kaya, na biya kuɗin aiki, na biya kuɗin tukunya guda ta ruwan shayi da madarar da mai shayi ya ce da ya sayar.

Mun isa Wara bayan la'asar. An ɗaura aure tun hantsi, wani ƙanen uban ango ya yi wakilci, sadaki kuma ajalan, tunda yana aljihun Kawu. Dangin amarya suka karɓi kuɗin a jiƙe, suka baza su kan tabarma suna sha iska. Shi kuwa Kawu, da gari ya waye, ya naɗe babbar rigarsa a leda ya bi jirgin ruwa ya koma Yelwa, ya bar mini saƙo wurin ango cewa in na iso in same shi a gida, akwai maganar hita da za a yi gaban manya.