Takalmin da Ya So Karya Mini Alwala

Duk asuba, takun farko daga gado sai in ji kamar na taka ƙusa da diddigen dama. In na ɗan zazzaga sai ya lafa, in na zauna na tashi ya dawo sabo. Uwargida ta ce sammu aka binne mini a ƙofar aji, likita kuwa ya ce alli da tsayuwa ne. Wai akwai wata jijiya mai kauri da ta taso daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe da kwarin tafin ƙafa. In ta sha wuya da rana sai ta takure da dare, takun farko ya fizge ta. Ya ce in riƙa miƙe sha-raɓa, in bar yawo ba takalmi a kan siminti, in rage tumbi, in kuma sayi matashin diddige in sa a ƙafa biyu, cikin takalmi sau-ciki.

Na samo shi a wani kemis: roba ce mai taushi, garai-garai, da shuɗin ɗigo a tsakiya inda ƙashi ke sauka. Sai dai ranar Juma'ar nan gaisuwar surukai gare ni, kuma babbar riga ba ta shiri da sau-ciki. Na cusa robobin cikin takalmina na fata mai buɗaɗɗen baya, ba safa, a tsakiyar zafin bazara.

Aka kira La'asar, muka nufi masallaci, Baba a gaba, ni a baya kaina a sunkuye. Gumi ya riga ya jiƙa roba. Na ɗaga ƙafa ke nan sai na ji "fyuuut!" Na sake taku, "buut!" Layin tsit, ko akuya ba ta kawo mini ɗauki da kuka ba. Na koma tafiya da yatsu, na yi tarin ƙarya, abin sai ƙara murya yake.

Baba bai waiwayo ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, akwai buta a bakin masallaci."

"Baba, wallahi takalmi ne."

"To, Allah ya ba takalmin lafiya."

Na ce bari in kafa hujja. Na tsaya gabansa na danna diddige, shiru. Na ƙara dannawa, shiru. Na tattara ƙarfina na buga ƙafa, sai robar ta yi tsalle ta baya, ta dira gaban wani mai rake. Yara suka yi caa a kanta, ɗaya na ihu wai ganda ce.

Baba ya karɓe ta, ya latsa, ya jujjuya, ya tambayi amfaninta. Na durƙusa na zayyana masa karatun likita tsaf. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma fa da ƙyar yake taka ƙasa da asuba. Ya miƙo hannu: "Ina 'yar'uwarta? Ai ka ce biyu ake sawa."

Wa ya isa ya hana suruki? Na ɗingiso gida da diddigena tsirara. Washegari sai ga aike: abin ya karɓe shi, kuma a sau-ciki da safa ko tari ba ya yi. In taimaka in nemo wa Hajiya daidai ƙafarta.