Farautar Bisa Gawo

Ɗan kawuna ne ya jawo abin. Ya dawo daga bida a Abijan, yadda samarin Adar suka saba, da agogo a hannu da waya mai faɗin fuska, ya kuma ɗora wa kansa aikin wayar da mutanen Kalfu. Wata la'asar a fadarmu ta shayi ya nuna mana hoton wasu maharban Amurka. Su ba ruwansu da kare da gora da gudu cikin ƙaya. Mutum zai sami icce, ya kakkafa ƙarafa a jikinsa, ya taka ya hau ya zauna, nama ya kawo kansa. Ni da gudu ba ma ga maciji tun ina lakwal, don haka na ji kamar domina aka ƙago wannan farauta.

Ƙarafan iri biyu ne, kuma a nan fada ta rabu. Akwai mai murɗi: bakinsa da tsini da zare, da hannu ake murɗa shi cikin icce, gindinsa a lanƙwashe don ɗora ƙafa. Akwai kuma bulon: a huda icce da mahuji, ramin ya ɗan karkata ƙasa don kada ƙarfen ya sulluɓe, a zura shi, in an sauko a zare a zuba aljihu. Ɗan kawuna ya kafe a kan mai murɗi, wai ba ya son ɗawainiyar mahuji. Mai waldar bakin hanya, wanda Allah ya hore wa tulin tsofaffin bulon na mota da ba mai tayawa, ya rantse bulon ya fi. Wahala sau ɗaya ce, in ji shi, ramin yana nan yana jiranka, kuma ba mai hau maka icce a bayanka tunda ka tafi da matakalar. Ku riƙe wannan maganar ta cewa bulon yana da sauƙin zarewa.

Kawu, wanda ya yi farauta da gaske a ƙuruciyarsa, yana gefe yana jin mu. "Mi za ku halba?" ya ce. "Tun El Buhari wa ya ga barewa tsakanin nan da Tawa?" Yana nufin yunwar 1984. Ya ce su turakun icce suke bugawa a jikin kuka in za su ɗebo zuma ko ganye, don jikin kuka taushi gare shi. "Ku kuwa da kuke maganar gawo, gawo ba kuka ba ne." Muka ce zamani ya wuce Kawu.

Don kada in ɓata wa kowa, na sayi duka biyun. Bulon a ƙasa, masu murɗi a bisa. Abin harina zabin daji ne da makiyaya suka ce suna sauka wata gona kusa da fadama. Makamina danƙo. Duwatsu kuwa a Adar ba a saye.

Da asuba, cikin hunturu, na isa gindin wani ƙaton gawo. Mahuji ya yi aikinsa, na jera bulon har tsayin mutum biyu. Masu murɗin ne suka nuna mini hali. Ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, hannu ɗaya rungume da icce, ɗayan yana murɗawa, ga sanyi ya sandarar da yatsu, kafin na ƙarshe ya shiga tafin hannuna ya yi bororo. Ƙayar gawo bibbiyu take fitowa, kuma a hoton Amurkawa ban ga ƙaya ko ɗaya ba. Na dai sami reshe na zauna.

Zabi ba su zo ba. Awaki ne suka zo, da yara a bayansu. Na yi tsit, tunda maharbi ba ya magana. Can sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal a ƙasa, sannan ƙafafu suka yi gabas. Da na leƙa, ramuka kawai na gani. Mai walda bai yi ƙarya ba: yaron da bai isa azumi ba ma yana zare bulon da hannu ɗaya.

Ɗaya daga cikinsu, ɗalibina a lakwal, ya tsaya, ya ɗaga kai ya gane ni. "Mushe, tunda kana bisa, kaɗo muna ɗiyan gawo." Na ce ya fara dawo mini da ƙarafana. Ya ce waɗanda suka ɗauka sun tahi. Na yi tsawa, na yi lallashi, har na yi alkawarin maki a jarrabawa. Daga ƙarshe na kaɗa reshe, don mutum a bisa icce ba shi da abokin da ya wuce wanda ke ƙasa.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga mai gona a kan jaki. Dattijo ne mai ladabi. Ya tsaya ya gaishe ni tsaf, ina kwana, ina ɗari, ina iyali, yaya wajen Kawu, ni kuma ina amsawa daga sama. Sai da gaisuwa ta ƙare ya ce, "To, ɗana, wa ya huda min gawo?"

Daga nan karatu ya fara, kuma ba ni da hanyar fita daga ajin. Gawon nan, in ji shi, shi ke riƙe da gonar. Da damina yakan zubar da ganye, ya yi taki, bai tare wa hatsi rana ba. Da rani ya yi ganye da ɗiya, dabbobi su ci. Ya kawo labarin da ake bayarwa na Sarkin Damagaram Tanimu, wanda a zamaninsa mai saran gawo yake fansa da kansa. Ya tuna mini cewa gawo yana cikin itatuwan da hukuma ta kare, ga dokar gandun daji ta 2004, kuma ma'aikatan gandun daji ba su da nisa. Da ya tambayi abin da ya kai ni bisa, na tuna dokar farauta ta 1998 tana son takardar izini, sai na tura danƙo cikin riga na ce ɗiyan gawo na zo nema. Ya ce su ma nasa ne.

Igiyar rijiya aka aiko yaro ya kawo. Na rataya ta a reshe, na ɗaura a ƙugu, dattijo da wasu mutum biyu suka zuro ni kamar guga. Ana tsakiyar haka ƙarfe mai murɗi na ƙarshe ya kama wandona, ya kuma nuna ingancin da ɗan kawuna yake faɗa: bai saki ba sai da wando ya saki. Mata masu dawowa daga ɗebo ruwa sun ajiye tulunansu don su kalla da kyau.

Hukuncin dattijo shi ne in toshe ramukan da turaku da laka, in kuma kwance masu murɗin. Wannan ya sa na koma bisa gawon, da tsanin rumbun Kawu, wanda ya ba ni aro bai ce komai ba.

Fada har yanzu tana gardama, kuma kowane ɓangare da ni yake kafa hujja. Nawa ra'ayin, in dole sai mutum ya hau, ya sa masu murɗi a ƙasa inda hannun yara ke kaiwa, ya kuma fara gaida mai gona. Wanda ya je kasuwar Tawa ranar Lahadi ya ga dogayen bulon masu jan fenti a ka wajen masu tsofaffin ƙarafa, don Allah ya sanar da ni, nawa ne, kuma ban gama biyan mai walda ba.