Wane Jabun Ya Fi Asali?

A Amurka da Ingila akwai wata ƙabila ta dattawa masu furfura da tumbi da 'yan kuɗin fansho, wadda babu abin da ke hana ta barci kamar tambaya guda: a cikin motocin jabu, wacce ta fi asali? Mutum zai shekara biyu yana wannan bincike, ya ɓata da aminansa a kai, alhali lokacin da yake neman auren matarsa bai yi rabin wannan bin diddigi ba.

Tushen fitinar wata 'yar ƙaramar mota ce mai suna Cobra. Carroll Shelby ne ya ƙulla ta, mutumin Texas wanda ya taɓa gwada kiwon kaji suka mace masa, ya rungumi tseren mota har ya ci gasar Le Mans ta Faransa a 1959. Da ciwon zuciya ya raba shi da tsere, sai ya ƙyalla ido a kan wata siririyar motar Ingila ta kamfanin AC, ya ce babu abin da ke damunta sai rashin ƙaton injin Ford mai silinda 8. A 1962 aka ɗaura wannan aure. Zuwa 1967 da aka daina ƙera ta, duka-duka ba su cika 1,000 ba. Ta farkon cikinsu, ranar da aka yi gwanjonta a 2016, a kan dala miliyan 13.75 aka kaɗa mata ƙararrawa.

To ina malamin makaranta mai ritaya zai ga wannan kuɗi? Sai 'yan kasuwa suka ce masa kwantar da hankalinka, mu za mu sayar maka da kamanninta a cikin akwati, ka je gida ka ɗaura abinka. Yau na kwaikwayo sun ninka na asali ninkin ba ninkin, har ta kai idan ka ga Cobra a titi ka rantse ba ita ba ce, da wuya ka yi kaffara.

Mai hankali zai zaci tunda kowa ya san abin da ya saya, kuma kowa ya san kama da wane ba wane ba ce, za a zauna lafiya a yi zumunci. Ina! A cikin masu jabun ne aka naɗa sarakuna, aka ware attajirai, aka tura talakawa bakin ƙofa.

Talakawan su ne mutanen Factory Five, kamfanin da wasu 'yan'uwa biyu, Dave da Mark Smith, suka kafa a 1995 a jihar Massachusetts. Dabarar da suka fito da ita tun farko ita ce su sayar maka da ƙarafunan ƙasa da bodin faiba, kai kuma ka nemo tsohuwar motar Mustang, ka kayar da ita a tsakar gida, ka feɗe ta, ka kwashe inji da giya da birki da tankin mai da wayoyi. Gawar kuma ta zauna a ƙofar gida har maƙwabta su kai ƙara. Su waɗannan da baƙin mai a farce suke alfahari. Idan ɗayansu ya ga mai motar kamfanin Superformance ya shigo fili, sai ya taɓe baki ya ce wa na kusa da shi, “Wannan ai ba haɗawa ya yi ba, hannu ya sa a ceki.”

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Ita Superformance a Afirka ta Kudu ake ƙera ta, a garin da a da ake kira Port Elizabeth, yanzu Gqeberha. Tana isowa Amurka da fentinta da kujerunta da tayoyinta, sai dai babu inji babu giya, domin muddin babu inji, doka ba ta ganin ta a matsayin cikakkiyar mota. Mai ita ya kai wa bakanike ya ɗora masa, ya biya, ya karɓi makulli. Idan gorin na Factory Five ya iso kunnensa, ba ya ɗaga murya. Yakan buɗe ƙofar motarsa ya rufe a hankali, ta ce ƙyas, sannan ya ce, “Ni dai tawa ƙofar tana rufuwa.”

Sarakunan su ne masu motar kamfanin Kirkham, na garin Provo a jihar Utah, domin bodinsu na alminiyam ne kamar na asalin. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne inda kamfanin ya samo maƙeransa: wata masana'anta a Foland da a da take ƙera jiragen yaƙi samfurin MiG don sansanin Tarayyar Sobiyet. Mutanen da aka horar domin su kakkaɓo Amurkawa daga sama, su ne suka koma bubbuga musu abin wasa. Da yawa daga masu Kirkham ba sa yarda a shafa wa motar fenti, sai dai a goge ta har ta zama madubi, don kada wani jahili ya zaci faiba ce. A biya kuɗi mai yawa, sannan a bar mota tsirara saboda gudun zargi.

Ka je taron nunin motoci na safiyar Asabar ka ga aiki. Dattijo zai zo yana yaba launi, yana tambayar lafiyar iyali, hannunsa kuwa yana gangarawa a hankali zuwa gefen bodi, ya ɗan ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya karkata kunne. Tamkar dai yadda uwar biki takan rungume ki tana sannu da zuwa, yatsunta biyu na murza gefen shaddarki don ta ji ko Gezna ce ko 'yar Caina. Idan ya ji sautin faiba, sai ya ce, “Ta yi kyau ƙwarai,” da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Shi kansa Shelby bai tsaya kallo ba. Ya yi ta maka masu kwaikwayo a kotu, ciki har da Factory Five a 2000, har aka sasanta a kan ba za su kira motarsu Cobra ba. Shi ya sa kamfanin ke sayar da ita da wani suna, mai saye kuma ya sayo tambarin maciji da kuɗinsa ya manna da daddare. Amma tsoho ya san inda toka ke tsada. Shi ma sai ya shiga ƙera sababbin tsofaffin motoci masu lambar jiki irin ta gidansa, kuma ya ba Superformance lasisi. Aka samu jabu mai takardar shaida. Ya rasu a 2012, ya bar magoya baya suna gardama a kan ko motar da aka ƙera shekara 30 bayan an daina ƙera ta za a kira ta asali, tunda mai asalin ya sa mata albarka.

Cikin wannan kasuwa ne bawan Allah mai niyyar saye yake faɗawa, ruwan ido ya kama shi. Zai auna garejinsa da awo sau ba adadi, kamar dare ɗaya bango zai matsa. Zai buɗe jadawali a kwamfuta, kamfani a tsaye, farashi a kwance, har da gurbin kaurin bututun ƙarfe. Zai ja matarsa tafiyar yini guda da sunan hutu, sai ta tsinci kanta a masana'anta tana kallon walda. Sannan ya bi masu motocin ɗaya bayan ɗaya yana neman shawara, wanda shi ne aikin banza mafi girma, domin ba a taɓa jin wanda ya zuba dukiyarsa da shekarunsa a abu ya ce na yi kuskure ba. Mai motar kamfanin ERA zai rantse babu kamar ERA. Mai ta kamfanin Backdraft zai ce ƙafafun motarsa na BMW ne, sai na gefe ya ce to ka ji, maciji da ƙafar Bajamushe. Ya dawo gida da amsa goma, ya ƙara wa jadawali gurbi goma.

Abin da ba ya cikin jadawalin shi ne jikinsa. An yanka Cobra ne daidai da samarin 1960 da wani abu, marasa tumbi. Babu rufi, babu na'urar sanyi, zafin inji yana gasa ƙafa tun kafin a bar unguwa. Salansarta kuma a gefe take, a ƙarƙashin ƙofa, daidai inda ƙwauri ke sauka idan za a fita. Duk wanda ya daɗe da motar yana da tabon ƙuna a wurin, kuma maimakon ya ɓoye, gajeren wando yake sawa. Ranar da uwargida ta samu nata tabon, ranar take hawa na ƙarshe.

Mutanen Ingila nasu salon daban ne, domin su rowa ce ta haifi sana'ar. Wani mai suna Colin Chapman ya fito da motar Lotus Seven a 1957, kuma a lokacin duk motar da aka saya a wargaje ba ta biyan harajin saye. Ana ba da labarin cewa tunda doka ta hana a haɗa wa mai saye da takardar yadda ake ɗaurawa, sai aka riƙa ba shi takardar yadda ake kwancewa, ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin motar, daga baya ya kai kamfanin Westfield kotu saboda kamannin sun yi yawa. Sannan a 1996 wani mai suna Ron Champion ya fitar da littafin da ya yi alkawarin za ka ƙera irinta da fam 250 kacal. Araha ba ta ado, amma tana tara jama'a: maza suka bazama bola neman gawar Ford Escort, aka samu kwaikwayon kwaikwayo, shi ma da masu kare martabarsa.

Can kuma hukuma ba ta wasa. Kafin a ba ka lamba sai motarka ta ci jarrabawar IVA, inda jami'i zai zo da wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 yana gangara ta a jikin mota. Duk gefen da ta taɓa, idan kaifinsa ya wuce ƙa'ida, ka faɗi. Sai ka ga injiniya mai digiri biyu ya kwana yana sa wa kan noti hular roba. Idan kuma aka kasa tantance shekarun kayan da ka haɗa, sai a ba ka lamba mai farawa da harafin Q, wadda a wurinsu daidai take da a rubuta maka “ba a san iyayenta ba” a gaba da baya.

Duk wannan rigima, akwai mutum ɗaya da ke haɗa kansu, wato mai Ferrari ta bogi. Shi kowa ya yarda a raina shi. Yakan samo Pontiac Fiero, wadda aka yi daga 1984 zuwa 1988, ko Toyota MR2, ya lulluɓe ta da jar faiba, ya manna doki. Daga nesa sai ka miƙe tsaye, da ya tayar da inji sai ka koma ka zauna. Kamfanin Ferrari kuwa ba shi da haƙurin kowa. Baƙar motar da jarumin shirin talabijin na Miami Vice ya yi ta yawo da ita Corvette ce aka yi wa shigar Ferrari Daytona. Kamfanin ya kai maƙerinta kotu, ya ba masu shirin Testarossa ta gaske, su kuma suka tarwatsa Daytonar da roka a cikin shirin a 1986. Mai Cobra ta faiba zai ba ka wannan labari yana ƙyaƙyata dariya, ko kaɗan bai ji an taɓa shi ba.

Inda ake taɓa shi gidan mai ne. Yana tsaye yana zuba mai, ƙirji a buɗe, sai wani yaro ya leƙo daga tagar motar ubansa ya ce, “Yallabai, ta gaske ce?” Amsar kalma ɗaya ce, amma ba za ka taɓa jin ta ba. Wani ya ce, “Ai ga ta kana gani, ko fatalwa ce?” Wani ya ce, “Injin na Ford ne na gaske.” Wani ya fara daga kajin Shelby, ya bi ta Foland, ya ratsa kotu, har uban yaron ya ja mota. Mai lasisi ne kaɗai ke da sauƙi, domin shi takardar tana cikin aljihun gaban mota, an lulluɓe ta da leda.

Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. A ce mutuminmu ya gama ruwan idonsa, ya zaɓa, ya biya. Babbar mota ta sauke masa bodi da kwalaye masu lamba, maƙwabta suka fito kallo, aka ɗauki hoto. Daga wannan dare motar uwargida ta koma kwana a waje cikin ƙanƙara, da alkawarin wata shida ne kawai. Watan farko ana jin ƙarar guduma har tsakar dare. Wata na uku aka gano kuɗin da ke cikin jadawali bai haɗa da fenti ba, bai haɗa da tayoyi ba, bai haɗa da sifanar da babu irinta a gari ba. Aka kai ga wayoyi, kala-kala kamar taliyar yara, sai baya ya fara ciwo. Shekara ta biyu aka ɗora kwalin kayan Kirsimeti a kan bonet, na ɗan lokaci. Shekara ta huɗu kyanwa ta haihu a mazaunin direba.

Sai ka ga talla ta fito: ana sayar da Cobra, aiki ya kai kashi 90 cikin 100, saura 'yan ƙananan abubuwa, dalilin sayarwa rashin lokaci. Wani dattijon, wanda shi ma ya shekara biyu yana bincike, ya zo dubawa da tocila da jadawalinsa a hannu. Mai gida ya yaye tamfol, ya kori kyanwa, baƙo ya ƙwanƙwasa bodi ya karkata kunne. Uwargida tana tsaye a ƙofar kicin da makullin motarta a hannu, tana ce wa baƙon idan zai kwashe yau, har kwalayen da ke ƙarƙashin gado kyauta ne.