Motar da Ke Jin Kunyar Bakanike

Motata tsohuwa ce 'yar Kwatano mai shan dizal. Da asuba, ko hunturu ake zubawa, murɗa makulli ɗaya take tashi. Amma in ta yi tafiya ta ɗau zafi na kashe ta, to sai yadda ta ga dama. Yau ta tashi, gobe ta yi ta gurnani har batir ya kwanta. Ga shi a Lafiya muke, inda ranar watan Maris ba ta san wasa ba.

Babbar tsiyar da ta yi mini a ƙofar gidan surukaina ne a Bukan Sidi. Na durƙusa na yi sallama, na shige mota ina ɗaga hannu, ta ce ba inda za ta. Ina ji ina gani surukina ya saɓa babbar riga a kafaɗa ya kama tura ta, yana haki yana cewa, "Malam, saka giya biyu!" Da ƙasa ta tsage da na shige.

Washegari na kai ta gareji a hanyar Makurɗi. Bakanike ya murɗa, ta tashi. Ya kashe ya sake, ta tashi. Ya dube ni tamkar wanda ya kai ƙarar ɓarawo aka tarar da shi a sahun farko.

"Oga, motar nan ƙalau take. Anya ba hannunka ba ne?"

Daga nan kowa ya ga ciwon da ke cikin shagonsa. Mai batir ya ce batir ne. Rewaya ya canza hita fulogi duka huɗu, alhali aikinsu ɗumama inji ne in ana sanyi, ni kuwa zafi ke kashe ni. Mai kwamfuta ya yi mini lacca cewa a motocin zamani sansa ce ke rikicewa in ta ji zafi, ko nozul ya riƙa mayar da mai baya. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari bai ga inda zai jona wayarsa ba, ya ce motar ta girmi kwamfutarsa, amma kuɗin dubawa na nan. Gwaggona ta ce baki ne.

Wani direban motar doya ya tura ni wurin wani dattijo a Shabu mai gyaran tarakta. Ko bonet bai buɗe ba.

"Yaro, je ka Nasarawa Eggon ka dawo. Kada ka kashe ta sai a gabana."

Na dawo tana huci, na kashe. Muka ɗan zauna, ya ce in murɗa. Ta ƙi! Ban taɓa murnar lalacewar mota irin ta ranar ba. Dattijo ya kasa kunne: kik na juyawa da ƙarfi, don haka batir ya fita daga zargi. Ya duba tiyon mai, babu kumfar iska. Ya leƙa salansa, ko ɗigon hayaƙi babu, alamar mai bai isa inji ba. Sai ya aiki yaronsa ya sayo ruwan leda mai sanyi, ya huda da haƙori, ya tsiyaya a hankali kan injekta famfo.

"Murɗa."

Ta tashi har da rangaji.

Ya ce injin dizal ba ya aiki da tartsatsi, matsi yake so. Cikin famfon ya cinye, kuma dizal in ya ji zafi tsinkewa yake, sai ya sulale ta gefe maimakon ya buɗe nozul. Ruwan sanyi ke maido da matsin na ɗan lokaci.

"Wannan gwaji ne, ba magani ba. Ka mayar da shi sana'a, wata rana famfon ya kame gaba ɗaya."

Da ya faɗi kuɗin gyaran, ni ma sai da na nemi ruwan sanyi.

Kafin albashi ya zo, buhun ruwan leda nake yawo da shi a but. Rannan a bakin kasuwa na buɗe bonet, na yi bisimilla, na tsiyaya, mota ta tashi. Wani ɗan acaba da ya jima yana kallona ya turo babur ɗinsa, ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, a taimaka mini da ko rabin leda."

Na rantse masa ruwan sha ne na shago. Ya gyaɗa kai, ya ce ai duk malamin kirki haka yake faɗa.