Yadda Kwamfuta Ke Gane Wane Ɗan Wane a Garwa

Akwai wata manhaja mai suna Gephi, wadda ɗaliban wata jami'a a Faransa suka ƙirƙiro a 2008, kyauta ake sauke ta. Aikinta shi ne irin na tsohuwar gidan biki: sanin wane ɗan wane, wa ke shiga gidan wa. Sai dai ita da zane take bayani, kuma ba a ba ta goro.

Ga yadda ake yi. A ce ka ɗauko tarihin masarautun Fulanin arewacin Kamaru wanda Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa, ya tattara daga bakin dattawa kafin rasuwarsa a Maiduguri a 2004. Ka tsamo sunayen mutane ka jera mata. Kowane suna ya zama ɗigo, duk biyun da suka haɗu a jimla ɗaya a ja musu zare. Ɗigogin na tunkuɗe juna, zaren na janyo su, har kowa ya sami tabarmarsa. Mai jama'a, irin su Modibbo Adama na Yola, ɗigonsa ya yi ƙiba a tsakiya. Kishiyoyi kuwa, tun da zarensu wurin mutum ɗaya ya ƙulle, gab da juna ake zaunar da su, ba a neman jin ta bakinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne suna. Bafaranshe ya rubuta Bouba, Bature na Najeriya ya rubuta Buba, sai manhajar ta raba mutum ɗaya gida biyu, kowane da matansa. Ka gyara rubutun kuma, ta haɗe dukan Bubobin da ke tsakanin Binuwai da Rai Buba su zama mutum guda: ya yi sarautar shekara ɗari biyu, ya kai wa kansa yaƙi, ya ba ɗansa 'yarsa. Zanen zai fito tsaf da launuka, har a liƙa shi a kundin digiri.

Wannan ne ke damuna, domin tarihin kakanninmu ne. An kafa Jami'ar Garwa a 2022, kuma ɗalibanta za su amfana da wannan kayan aiki ƙwarai. Amma ɗalibi, kafin ka danna komai, sayi goro ka je wurin tsohuwar nan, ta rarrabe maka Bubobinka ɗaya bayan ɗaya.