Ledar da ke Jiran Mai Ita a Kan Dutse

Ranar Litinin ɗin nan wani abokin aikina ya ritsa ni a ofis da wayarsa, wai sai na ga yadda ya yi hutun ƙarshen mako. Hoton farko kare ne. Na biyu kare a bakin rafi. Na uku kare a cikin jakar barcinsa ta kansa, ya leƙo da kai. Matar gidan sau ɗaya ta fito, shi ma don igiyar karen na hannunta ne.

Kun dai san irinsu. Da yammacin Juma'a sai rabin birnin Denba ya ɗaura tanti a saman mota ya hau hanyar I-70, kowa zai tafi inda babu kowa. Su yi sa'o'i a cunkoso tare da sauran masu gudun mutane, sannan su saki kwalta su bi turba cikin duwatsun Kolorado, su yi fakin a dajin gwamnati. Babu famfo, babu ban-ɗaki, babu mai karɓar kuɗi, kuma doka ta yarda mutum ya yi kwana 14 a wuri guda. "Ai kyauta ne," in ji mutumina. Ƙwarai kuwa, kyauta ne, bayan an sayi Toyota 4Runner da akwatin sanyi na YETI da na'urar Starlink, wadda da ita ake sanar da mu a Instagram cewa an rabu da duniya.

Duk wannan ban damu ba, kuɗinsu ne. Ledar nan ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ƙa'idar dajin ba ɓoyayya ba ce: ɗan Adam in ya matsu, ya yi nisan ƙafa 200 daga ruwa, ya tona rami mai zurfin inci 6 zuwa 8, ya binne. Na kare kuwa a kwashe. To mai kare yakan kwashe ɗin, Allah ya sani. Ya zaro 'yar koriyar leda mai ƙamshin turare, ya durƙusa, ya tattara tsaf, ya ƙulla mata wuya kamar ƙullin goron biki, sannan ya ɗora ta a kan dutsen da ya fi kowane fitowa fili a gefen hanya. Wai zai ɗauka in ya dawo.

Ba ya dawowa. Ko in ce yana dawowa, amma ta gefenta yake wucewa yana kallon sama, yana yaba girman tsaunuka. Leda tana nan. Rana ta dafa ta, dusar ƙanƙara ta rufe ta, ƙanƙara ta narke ta sake bayyana, ƙullinta bai ko sassauta ba. Abin da ruwan sama zai wanke da an bar shi tsirara, an yi masa riga, an tsawaita masa rai. Nan da wasu ƙarnuka masu tonon tarihi za su same su a jere, su rubuta littafi a kan wata al'umma da ke kai hadaya kan duwatsu, mai kare babba hadayarsa babba.

Kuma wa kuke jin yake kwashewa? Ma'aikacin gandun daji, ko wani bawan Allah ɗan sa-kai da ko mage ba ya da ita. Shi kuwa mai ledar, a bayan motarsa akwai sitika mai wa'azin kada a bar ko alama a daji. Wannan rainin hankali ne, ba shi da wani suna.

Af, takalma. Karen abokin nawa yana da takalman hawan dutse. Kamfanin Ruffwear na jihar Oregon ke yin su, kuma bibbiyu ake sayarwa, saboda sau da yawa ƙafafun gaba sun fi na baya faɗi. Ke nan akwai magidancin da ya tsuguna a falo ya auna tafin kare, gaba da baya, kafin ya yi oda. Da na ba Hajiyarmu labarin masu kwanan dajin nan a waya, shiru ta yi, can ta ce, "Ɗan nan, wani abu ne ya faru a garin har suke kwana a daji?" Na ce lafiya lau, Hajiya, hutu suke yi. Ta ce, "Da gidajensu?" Na ce da gidajensu, har da na'urar ɗumama ɗaki. Ta yi salati, ta ce in dai sun gayyace ni kada in je, kuma in riƙa yi musu addu'a. Maganar takalman ma ban kai ga ƙarasa mata ba.

Malam mai kare, ledarka tana nan inda ka ajiye ta. Don Allah ka je ka ɗauki abarka.